Kujerar Gaba a Motar Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa a Kafanchan da abu biyu: tsohuwar mota fara da girman kai. A gidansa na zauna lokacin da na fara koyarwa. A lokacin yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma dishi-dishi yake gani. Kunne kuwa sai ka ɗaga murya kamar kana kiran wani a hayin rafi. Babban ɗansa ya aiko masa da na'urar ji daga Abuja, ya sa ta sau ɗaya ya ajiye, wai tana sa shi kama da tsoho. Mutumin da ya doshi tamanin!

Amma kullum sai ya fita da mota. Matarsa, da muke kira Mama, ita ce idonsa da kunnensa. Takan zauna a gaba, hannunta a kan gwiwarsa. In ta matsa, ya taka birki. In ta ja wandonsa, ya kauce. Ta daina zuwa taron zumuntar mata, ta bar gonar cittarta a hannun 'yan ƙwadago. Ko da 'yarta ta haihu a Fadan Kaje, yini ɗaya ta yi ta dawo, don ta san in ba ta nan shi kaɗai zai hau titi.

Duk garin an san motar. Da 'yan acaɓa sun hango ta sai su watse, masu tallan doya su ja kayansu baya. Shi kuma ya ɗaga musu hannu yana murmushi, a tunaninsa girmamawa ce. Har shaida ya taɓa bayarwa a coci, wai tun da ya fara tuƙi ko kaza bai taɓa takawa ba. Jama'a suka amsa da Amin, Mama ta sunkuyar da kai.

Na taɓa ɓoye makullin. Ashe yana da wani a aljihun kwat, kuma kafin yamma mahaifiyata ta kira ni ta wanke ni tas, wai na raina yayanta. Da Kirsimeti, da 'ya'yansa suka zo, na tayar da maganar a gaban fasto. Babban ɗan ya ce, "Sista, bar shi. Motan nan ne yana riƙe ran Baba." Fasto ya ce mu sa abin a addu'a. Ƙattin maza cike da falo, kowa da digirinsa, aka rasa mai iya ce wa tsoho ya ba da makulli. Suka cinye shinkafar Mama suka koma Abuja.

Wata Asabar da safe za su biki. Mama ta buɗe get, ta sunkuya tana gyara dutsen da ke tare ƙofar. Kawu ya sa ribas. Na ƙwala ihu, ita ma ta yi, maƙwabta suka fito suna kururuwa, bai ji ko ɗaya ba. Sai da na daki gilashin da hannu biyu ya tsaya. Ya leƙo a fusace ya ce, "Wa ya bar dutse a hanya?"

Ƙugun Mama ne ya karye. Dangi suka cika asibiti suna cewa aikin Shaiɗan ne. Shaiɗan ɗin nan kuwa yana zaune a bakin gado da kwat ɗinsa, makulli a hannu, ana yi masa sannu. Babu wanda ya karɓi makullin.

Daga nan ya riƙa zuwa duba ta da rana, shi kaɗai a motar. Ranar nan ya shigo yana faɗa, wai wani ɗan acaɓa marar tarbiyya ya karya masa madubi. Na ga fuskar Mama ta canja. Likita ya ce sai ta ƙara makonni a kwance, amma washegari ta dage sai an sallame ta.

Na ce, "Mama, ko tsayuwa ba ki iya yi. Ki bar shi ya ji da kansa mana."

Ta ce, "'Yata, lokacin da yana zuwa nan ne yaran firamare suna tashi. In ban zauna a gaba ba, ɗan wa ne za a kawo gadon nan?"

Ni da wata nas muka ɗauke ta zuwa motar, muka tokare ta da filo. Zufa na karyo mata, ta cije leɓe don kada ta yi ƙara. Kawu ya gyara hula, ya dubi nas ɗin yana dariya, ya ce da ƙarfi, "Kin gani? Matan nan ba ta iya kwana in babu ni!"