Manomin Ciyawa a Lyon

Malam Munzali ya shekara arba'in yana noma a wani ƙauye kusa da Maraɗi, kuma ko ciyawa ɗaya ba ta taɓa kwana biyu a gonarsa ba. Da ɗiyarsa Mutmainna, mai karatu a jami'a, ta kawo shi birnin Lyon na ƙasar Faransa a duba masa ido, sai ya zama ɗan kallo. Hankakan garin baƙi ƙirin, babu farin ƙirji. Tsattsewa kuwa irin ta gida ce sak, har yana tambayar kansa wa ya nuna mata hanya. Ya tsinci wani ganye mai kama da rukuɓu a jikin bango, ya murza, ya sunsuna.

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: wani ɗan fili a bayan benensu, ciyawa har gwiwa. Kunya ta kama shi, kada a ce ɗiyar manomi ce ke zaune cikin wannan ƙazanta. Wata safiya bayan ta fita, ya ɗauki wuƙar girki ya sauka. Kafin azahar fili ya yi fes.

Mutmainna ta dawo, ta tsaya turus.

"Baba, mi ka yi? Da gangan aka bar ta. Nan nike ƙirga ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi da ke sauka bisa furanni. Shi ne aikin digirina."

Wata biyu ta yi tana ƙirga, saura biyu. In fili bai sake fure ba, sai ta maimaita shekara. Ta zauna a ƙasa tana hawaye. Malam Munzali bai taɓa jin nauyin hannunsa kamar ranar ba.

Amma wanda ya san kashe ciyawa ya san abin da ke rayar da ita. Ya duba, ya ga wuƙa ba ta kai ga saiwa ba. Ya shiga jido ruwa da bokiti safe da yamma. Cikin mako uku ciyawa ta tofo, wasu ƙananan furanni rawaya suka buɗe. Yakan tsuguna yana mamakin yadda ƙudan zuman nan suke iri-iri, har da wani mai gashi da ke haƙa rami a ƙasa. Malamin Mutmainna ya ce in aka jure ban ruwa har ƙarshen Yuli, ƙirgar za ta karɓu. Ita kuwa kullum a ɗakin bincike take wuni, don haka ban ruwa sai shi.

Sai ƙanensa Abdourahamane ya kira daga gida.

"Yaya, ruwan shuka ya sauka jiya. Yaushe za ka taho?"

Malam Munzali ya dubi bokitin da ke hannunsa. Ransa ya sosu, don tun yana yaro bai taɓa rasa ranar shuka ba.

"Ku shuka, kada ku jira ni," in ji shi. "Ina da aiki nan."

"Wane aiki?"

"Ciyawa nike ba ruwa. Kada ka gaya ma kowa."