Jajayen Amortisa

Rani huɗu na yi ina aiki a Kano kafin na sayi motar. Tsohuwa ce, baƙa, amma in ka taka ta sai ta yi kamar za ta tashi sama. A littattafan soyayyar da nake saye a kasuwa, da irin wannan mota saurayi yake shigowa gari, 'yan mata suna leƙe ta katanga. Haka na riƙa ganin kaina ina shigowa garinmu, Matameye.

Sai dai amortisanta sun mutu, waɗannan ƙarafa da ke shanye girgizar hanya. Bakaniken bayan tashar garinmu ya danna gaban motar da hannu biyu ya saki, ta yi ta rawa ba ta tsaya ba.

"Wannan ai raƙumi ka sayo," in ji shi.

Ya fito da iri biyu, baƙaƙe masu taushi da jajaye gajeru masu tauri.

"Jajayen na masu gudu ne a kan kwalta mai laushi. Kai ina za ka yi gudun? Hanyar Dungu mai ramuka?"

"Maigida, sa mini jajayen."

"To, angon littafi. Bayanka ne, ba nawa ba."

Motar ta kwanta ƙasa, ta yi kyau. Na yi wata biyu ina jin daɗinta.

Da damina ta faɗi ciwon ƙugu ya kama Inna, mahaifiyata. Likita ya ce a riƙa kai ta babban asibitin Damagaram duk sati biyu. Ni ne ɗanta na fari. Saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma in tana da magana da ni, ta bakin ƙanwata take bi. Sau uku na kai ta, tana kujerar baya da carbi, ƙanwar tawa a gefenta. In mun faɗa rami nakan ce, "Inna, lafiya dai?" Sai ta ce wa ƙanwata, "Ce masa ya dubi hanya."

A karo na huɗu ta ce ta ji sauƙi, ba sai an je ba. Na yarda, har na yi murna.

Sai bayan an yanke gero ƙanwata ta tare ni a zaure tana kuka.

"Yaya, motarka ce. Duk ramin da muka shiga, Inna mayafinta take cizawa. Ta hana ni in faɗa maka. Ta ce yaron ya sha wuya kafin ya saye ta, kada a ɓata masa rai."

Ranar na koma wurin bakanike. Bai yi mini ba'a ba, ya kwance jajayen ya ɗaura baƙaƙen. Na dawo na durƙusa a bakin ƙofar ɗakin Inna na ce an gyara, gobe sai mu tafi. A lokacin ko zama ba ta iyawa. Ta juya wajen ƙanwata.

"Ce masa Allah ya yi albarka," in ji ta. "Ce masa ba zan iya ba."

Ba ta cika sati biyu ba ta rasu. A kafaɗa muka ɗauke ta zuwa maƙabarta, ina riƙe da gaban makara, ina ta roƙon mutane su tafi a hankali.