Yaya Zailani, Mai Zagayawa da Mutane a Charleston

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayana, Malam Zailani Sabo, a gidanmu na Dangora, kwana tara da zuwansa hutu daga Amurka. Zazzaɓi ne na kwana uku. Bayan la'asar aka kai shi makwancinsa.

Yaya, shekara ashirin da biyu ka yi a birnin Charleston, mu kuwa a gida ba mu taɓa gane sana'arka ba. In aka tambayi Inna sai ta ce, "Wai yawo yake da mutane a ƙafa, yana nuna musu gari." A yi dariya, a ce ɗan magini ya yi digiri ya ƙare a ɗan rakiya. Ni ma na yi dariyar, har shekarar da matarka Hajara ta haifi Sumayya, ka aiko na je zaman jego.

Wata Asabar ka ce in sa takalmi marar tsini in biyo ka. Mutum goma sha bakwai muka tarar suna jiranka a bakin teku, yawancinsu baƙaƙen fata, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka aka sauke a wannan gaɓar. Awa biyu muna tafe. Ka nuna mana inda aka yi cinikin mutane, da ƙofofin ƙarfe da baƙaƙen maƙera suka ƙera. Ba takarda a hannunka sai kujera mai naɗewa, wadda kake shimfiɗa wa duk tsohon da ya gaji.

A wani lungu ka tsaya gaban bangon jan bulo, ka nuna wasu ƙananan ramuka huɗu a jikin bulo guda. Ka ce, "Bayi ne suka buga wannan. Mahaifina magini ne, na tashi ina cura tubali, na san wannan alamar. Ba a bari ya bushe ba aka ce a ɗauke shi. Sawun yatsun wanda ya ɗauka ke nan." Kowa ya matso ya sa hannu. Da na sa nawa, yatsuna suka zauna cif, kamar ni na ɗauke shi jiya. Na kasa cire hannun.

A nan wani dattijo baƙar fata mai sanda ya dube ka ya ce, "Kai da ka zo da fasfo a jirgin sama, gaya mini, su wa suka sayar da mu?"

Ka ce, "Baba, a ƙasarmu ma an kama mutane, an sayar. Kakan mahaifiyata yana da rinji, gonar da bayi ke noma masa. Ban san ko wani daga cikinsu ya iso nan ba, amma ba zan tsaya gabanka in ce hannun gidanmu wanke yake ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige, domin maganar da ko a tsakar gida ba ma ɗagowa ce. Dattijon ya cire hularsa ya ce, "Shekara arba'in ina yin wannan tambayar. Yau na sami wanda bai kauce ba." Ya miƙa mini sandarsa, ya kama damtsenka, da kai ya dogara har muka gama zagayen.

Da muka koma gida na ce, "Haba Yaya, ka tona mana asiri a ƙasar mutane." Ka ce, "Kaltume, tarihin mutane amana ne. Wanda aka ba awonsa ba ya tauye mudu." Tun ranar ban ƙara dariyar sana'arka ba. Ashe mutum irin wannan muka tashi da shi ɗaki guda ba mu sani ba.

A wannan zuwan naka na ƙarshe, kwana biyu da saukarka ka taka da ƙafa zuwa ƙauyen da rinjin nan yake a da. Ka cire takalmi, ka zauna a ƙasa gaban dattawansu, jikokin bayin rinjin, ka roƙe su sunayen kakanninsu don kada su ɓace. Sun zo jana'izarka su goma sha ɗaya, su suka fara kama makara.

Allah ya jiƙan ka, Yaya. Ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa gaskiyar da ka faɗa a inda faɗarta ke da nauyi ta tsaya maka ranar tsayuwa. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da Hajara, da 'ya'yanka Munir da Sumayya, da mutanen Dangora, da waɗanda ka bari can bakin teku. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, idan tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.