Saniyar da Ke Ɓacewa a Gefen Gona

Cikin shekarun da na yi ina koyar da kwamfuta a wata cibiya a Birnin Kudu, ranar da muka gyara wasan Malama Hadiza ce ba ta fita raina ba.

Dattijuwa ce daga Zandam, ita ce babba a ajin. Aikin da nake fara bai wa ɗalibai shi ne ƙaramin wasa: a raba fuskar kwamfuta gida-gida kamar na dara, a sa wani abu yana tafiya idan an danna maɓalli. Ita gona ta zana, ta sa saniya a ciki. Amma da saniyar ta kai gefen dama sai ta ɓace, wasan ya tsaya.

Na ce ta bari sai mako mai zuwa. Ta ƙi. A nan ta gaya mini cewa maigidanta, Malam Idi, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ma da ƙyar. A asibiti an ce ya riƙa motsa yatsu, shi kuwa ya ƙi duk abin da aka miƙa masa. Ta yi masa alkawarin kai masa wasan saniyar ran Juma'a.

Muka zauna muna bin umarnin da ta rubuta wa kwamfutar layi-layi. Kuskure biyu ne. Kwamfuta daga sifili take fara ƙirga, don haka gona mai gida goma a tara take ƙarewa. Sannan saniyar sai ta riga ta taka ake duba ko ta wuce iyaka. Hadiza ta ce, "Wato ta tambaya tukuna kafin ta ɗaga ƙafa." Da hannunta ta gyara ƙirgar, ta mayar da layin duba iyakar sama.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci na kai musu kwamfutata. Aka jingina Malam Idi da filo. Ya daɗe yana kallo kafin ya sa yatsa. Saniya ta taka. Ya sake, ya sake, har ta kai gefe ta tsaya cak. Ya danna da ƙarfi, ba ta motsa ba. Sai ga kafaɗarsa tana rawa, dariya yake.

"Ta san iyaka," in ji shi, a hankali amma sarai.

Hadiza ta rufe fuska da mayafi.

Tun daga ranar, ɗalibi ba ya kawo mini aikin da ya lalace ban fara tambayarsa ba: wa ke jiran wannan a gida?