Ruwan Tafkin Garinsu Mama

Ni haifaffiyar unguwar Jiddari Polo ce a Maiduguri, ban taɓa ganin tafkin da idona ba. A bakin Mama na san shi. Yana can saman duwatsun garinsu a kudu, sai an yi hawan rabin yini a ƙafa, kuma in ji ta ruwansa har haƙori yake kamawa don sanyi. Shekara da shekaru tana shan ruwan Maiduguri tana kushe shi. "Wannan ai na wanki ne," haka take cewa, ta kuma shanye kofin tas.

Da ciwo ya kwantar da ita, abinci ya ƙi shiga, abu ɗaya ta roƙa: a kawo mata ruwan tafkin ta jiƙa maƙogwaro. Washegari na nemi hutun kwana huɗu a makarantar da nake koyarwa, na haɗa jaka. Lokacin hanyar kudu ba ta da kyau, mota kan fita a daina jin ɗuriyarta. Na sani sarai, ban damu ba.

Yayana ya zo daga unguwar Dala, nan cikin gari, ya tarar da jakar a bakin ƙofa. Ya shiga wurin Mama ya daɗe, ya fito ya ce, "Mayar da kayan nan. Ina raye ke za ki kama wannan hanyar? Ni zan je."

Kwana uku sai ga shi da farin galan, yana ɗingishi, wai gwiwa ta kusa gagararsa a hawan. Na durƙusa har ƙasa na yi masa godiya. Na zuba a kofi, na tallafo kan Mama. Ta kurɓa, ta lumshe ido, ta ce, "Shi ne." Na yi kuka kamar ƙaramar yarinya. Ragowar kofin na shanye, ina gaya wa kaina lallai akwai wani garɗi. Bayan mako guda ta rasu. Sauran ruwan na juye a kwalba na adana a akwati, ko 'ya'yana ban bari sun taɓa ba.

An yi shekara biyu. Wata Asabar matar Yaya ta zo, na buɗe akwati zan ba ta atamfa, ta ga kwalbar. Na gaya mata ko mene ne. Sai ta fashe da dariya ta ce, "Ruwan famfonmu kike ta ajiya?" Ta kama baki, amma magana ta riga ta fita. Ashe kwana ukun nan a ɗakinta Yaya ya yi su.

Ko mayafi ban tsaya gyarawa ba na hau keke sai Dala.

"Yaya, mai mutuwa ka yi wa ƙarya?"

"Ba ita na yi wa ba," ya ce. "Ke muka yi wa. Da ta ji kin haɗa jaka, ita ta ce in cika a famfo, in ɓuya kwana uku. Ta ce ta san taurin kanki."

Kowa ya ce ƙauna ce, har fastonmu. Na ji. Amma abu ɗaya Mama ta roƙa, ni kuma na shirya zan kawo mata, suka haɗa baki suka mai da ni shashasha, ta tafi da ƙishirwarta. Yaya dai na yi wata shida ban amsa gaisuwarsa ba, na huce. Ita fa? Haushinta na nan a ƙirjina har yau, kuma ba ni da inda zan same ta in faɗa mata.