Yaya Mai Zane da Layin da Ya Miƙe

Bakwai na safe ba ta cika ba za ka ji ƙarar makullanta a ƙofar ɗakin gwaji. Ta buɗe tagogi, ta kunna na'urori ɗaya bayan ɗaya, tana sauraron kukan kowace kamar uwa da 'ya'yanta. Shekara ashirin da shida ke nan. Ɗalibai na kiranta Yaya Mai Zane, domin ita ke mayar da tarin lambobin gwaji su zama layin da ido zai gani ya gane.

Ba farfesa ba ce, ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce. Amma ranar da za a zaɓi manhajar zana sakamako, ita ta ja daga. Shugaban sashe ya ƙwallafa rai a kan wata mai launi iri-iri. Yaya ta ɗora duka ukun da aka kawo a kwamfuta, ta kunna na'ura, ta riƙe agogo.

"Ranka ya daɗe, taka akwai kyau," in ji ta, "amma sai an gama gwaji take zanawa. Wannan mummunar kuwa, lamba na faɗowa tana zanawa. Mu ba ado muka zo nema ba."

Ya yi dariya. "To, a bar mana mummunar."

Bayan wata huɗu, wata ɗaliba na dafa sinadari a rufaffiyar tukunyar ƙarfe, mutum biyar har da ita tsaye a kan tukunyar. Yaya na wucewa da kofin shayi, ta kalli kwamfuta. Layin matsin iska da ya kamata ya kwanta ya miƙe sama ɗoɗar, alhali ma'aunin jikin tukunyar ya maƙale, yana nuna lafiya lau.

"Ku ja baya!" Ta yar da kofin, ta kashe wuta.

Da injiniya ya duba, ya tarar bututun fitar iska ya toshe. Ya ce da an ƙara minti biyu, da tukunyar ta tarwatse a fuskokinsu. Ɗalibar ta durƙushe tana kuka. Yaya ta ɗago ta. "Tashi, ƙanwata, adana lambobinki. Kukan ya jira."

Yaya, ke ce idon da ba ya gyangyaɗi. Sunanki bai hau bangon littafin kowa ba, amma mutum biyar sun koma gida da ƙafafunsu saboda ke. Wannan makon kike ajiye aiki. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku da za ku gaji kujerarta, ku gwada kafin ku zaɓa, ku kuma duba aiki tun yana kan wuta.