Ƙudurin da Baba Ya Janye da Bakinsa

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifina, Alhaji Isiyaku, wanda mutanen yankinmu suka fi sani da Onarabul. A nan Kuala Lumpur ya cika, a nan kuma muka binne shi, nesa da ƙauyukan da ya wakilta a majalisar dokokin jiharmu. Ni ce 'yarsa ta fari. Aure ne ya kawo ni Malesiya, inda maigidana yake koyarwa a wata jami'a. Duk shekara idan watan ya zagayo, nakan yi wa Baba sadaka in yi shiru. Bana na kasa yin shirun, saboda maganar da ta ci masa kujera ta sake tasowa a gida: a bar talaka ya mallaki bindiga ya kare kansa, ko kuwa a hana? 'Yan majalisa suna ta bayyana matsayinsu a rediyo, ni kuma ina sauraro ta waya a kicin ɗina a unguwar Wangsa Maju.

Mutane da yawa sun manta cewa Baba ba da ƙin bindiga ya fara ba. Shi ne ma ya kai ƙudurin gaban majalisa. A lokacin 'yan bindiga sun fara shiga ƙauyukanmu, suna kora shanu, suna ɗaukar mutane a gona. Ya je jana'iza har ya gaji. Sai ya miƙe a zauren majalisa ya nemi a roƙi gwamnatin tarayya ta sassauta dokar lasisi, domin kowane magidanci da dagacinsa ya shaide shi ya samu damar ajiye bindiga a gida. 'Yan majalisar suka rabu. Wasu suka ce ai ko batun dagaci ba sai an sa ba, a bar kowa ya saya. Wasu suka ce a damƙa makaman a hannun 'yan sa-kai kaɗai. Ƙalilan ne suka ce a'a, su ma a hankali suka faɗa, don kowa yana tsoron mutanen mazaɓarsa. Ranar da Baba ya dawo gida, tun daga bakin kasuwa aka tare shi da tafi.

Ƙanena Sagir yana da shekara goma sha tara a lokacin, ya gama sakandare yana zaune. Ya shiga cikin samarin da ke sintiri a garinmu. Sauran suna riƙe da harba-ka-ruga, shi kuwa Baba ya ba shi bindigarsa mai baki biyu, wadda yake da lasisinta tun zamanin da yake zuwa harbin zabi. Baba yana alfahari da shi. Yakan ce ba zai aika 'ya'yan wasu daji ya ɓoye nasa a ɗaki ba.

Akwai wani makiyayi da ake kira Buba, wanda ya yi wa Baba kiwon shanu tun kafin a haife ni. Mu Baffa muke ce masa. Idan ya shigo gari ranar kasuwa, gidanmu yake fara biyowa ya sha ruwa, ya ajiye wa mahaifiyarmu man shanu. Wata ranar kasuwa samarin suka tare shi a kara, wani ya ce ya taɓa ganinsa da ɓarayin shanu. Ba a kai shi wurin dagaci ba, ba a kai shi caji ofis ba. Da rana tsaka, a gaban jama'a, ɗaya daga cikinsu ya harbe shi. Sagir yana tsaye a wurin da bindigar Baba a kafaɗa. Bai yi harbi ba, bai kuma hana ba. Ya dawo gida, ya shiga bayan gida yana ta amai.

Baba ya je rugar ya yi wa Baffa Buba sallah. Da ya dawo, ya karɓi bindigar daga hannun Sagir, ya kai ta ofishin 'yan sanda da kansa, ya ce ya yafe lasisin. Zaman majalisa na gaba ya nemi izinin kakaki, ya ce: "Ni na kawo ƙudurin nan, ni kuma na zo janye shi. Na zaci idan na san mai bindiga, na san wanda za a harba. Ashe ban sani ba." Aka yi masa ihu. Wani abokin aikinsa ya ce an saye shi. A gari kuwa waɗanda suka yi masa tafi su ne suka jefi motarsa. Da zaɓe ya zo ya faɗi, faɗuwar da bai sake tashi daga ita ba a siyasa.

Tun kafin zaɓen ya kira ni a waya. "Hajara, ki gaya wa mijinki ya nema wa Sagir makaranta a wurinku. Ko ta mene ce." Na ce masa Sagir ɗin bai nuna yana so ba. Ya ce, "Ba tambayarsa nake yi ba. Idan ya ƙara wata shida a garin nan, ko ya kashe ko a kashe shi." Haka Sagir ya sauka a Kuala Lumpur yana fushi da kowa, ya shiga wata kwaleji yana karanta harhaɗa magunguna. Ya daɗe ba ya ɗaga wayar Baba, yana ganin an mai da shi matsoraci a idon abokansa. Cikin samarin da suka yi sintiri tare, kaɗan ne suke raye a yau, wasu kuma suna kurkuku. Duk lokacin da na tuna wannan, nakan rasa kalmar da zan gode wa Baba da ita.

Ciwon ƙoda ne ya kawo shi wurinmu daga baya. Ya zauna da mu kusan shekara biyu ana yi masa wankin ƙoda, kuma wannan zaman shi ne mafi daɗin abin da na samu daga gare shi. Shekararsa ta farko, lokacin bikin sabuwar shekarar 'yan Sin, aka fara wasan wuta a unguwa muna cin abinci. Baba ya yi zumbur ya fizgo 'ya'yana biyu daga bakin taga, ya danne su a ƙasa. Yaran suka ƙyalƙyale da dariya, ƙaramar tana ce masa da Turanci ai wasa ne. Ya tashi zaune yana haki, ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce da ni, "Ki gode wa Allah. 'Ya'yanki ba su san wannan ƙarar da wata ma'ana ba." A ranar ne Sagir ya matso ya zauna kusa da shi, karo na farko tun zuwansa.

Ranar Juma'a idan jiki ya yi daɗi, maigidana da Sagir sukan kai shi masallacin Masjid Jamek a jirgin ƙasa, ni kuma in jira su a titin Jalan Masjid India ina duba yadi. Daga nan mu zauna a wani mamak, wato shagon abinci na Indiyawa Musulmi, inda ɗalibanmu 'yan Najeriya suke taruwa. Likita ya hana shi shayinsu mai madara, sai ya sa a kawo ya riƙa shaƙar ƙamshin. A nan ne wata rana wani ɗalibi mai suna Nura, wanda aka kashe yayansa a gona, ya tare shi da magana.

"Onarabul, ku da kuka hana, kuna da 'yan sanda a ƙofar gida. Mu wa muke da shi?"

Maigidana zai yi magana, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Gaskiya ka faɗa, ɗana. Ba ku da kowa. Amma ɗan majalisar da ya ce maka je ka sayi bindiga, ya gaya maka ne cewa shi ya ajiye aikinsa, albashin kawai ya riƙe. Ni ma na faɗa, na ga abin da ya biyo baya."

"To sai mu zauna a yanka mu?"

"A'a. Ban da amsar da za ta dawo maka da yayanka. Abin da na gani da idona kaɗai nake gaya maka."

Nura bai gamsu ba, kuma Baba bai yi ƙoƙarin gamsar da shi ba. Amma Juma'ar da ta biyo baya yaron ya dawo ya zauna, haka ta gaba. Gardamarsu ba ta taɓa ƙarewa ba.

Dokar bindiga a ƙasar nan tana da tsanani ƙwarai, da wuya ka ga makami a hannun wanda ba jami'i ba, in ba mai gadin banki ko shagon gwal ba. Na zaci Baba zai riƙa kafa hujja da wannan. Bai yi ba. Yakan ce dokar tana aiki ne saboda idan mutum ya kira 'yan sanda suna zuwa, kuma duk wanda ya kwafi hanin ya bar zuwan, zalunci ya kwafo. Shi ya sa har ya rasu bai taɓa zagin manomin da ya ɓoye bindiga a rumbu ba. Fushinsa yana kan masu kujera.

Da ya cika, Hausawan unguwar Sentul da na Wangsa Maju suka zo, da maƙwabtanmu Malayawa waɗanda ba su san ko ya taɓa riƙe muƙami ba. Nura yana cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓe shi.

Ba zan ɓoye wa mai karatu sauran labarin ba. Bayan rasuwarsa an shiga garinmu, an ƙone shaguna, an kashe mijin gwaggona. Da na kira yin ta'aziyya, ita da kanta ta ce mini, "Da ubanki ya bari, da ba a yi mana haka ba." Ban musa mata ba. Mai takaba ba a yi mata gardama, kuma ni ma ban san abin da da zai faru ba. Wataƙila da sun kore su. Wataƙila da gawarwakin sun fi haka yawa. Da Baba yana raye, na tabbata da ya je ya zauna a gabanta ya karɓi maganar, kamar yadda ya karɓi ta Nura. Kuma da ya ji 'yan majalisar yau, masu cewa a raba makamai da masu cewa a hana, ina jin tambaya ɗaya zai yi wa duka ɓangarorin: a cikinku wa ya kwana a ƙauyen da yake magana a kai?

Baba bai bar doka da sunansa ba, bai bar titi ba, kuma a garinmu har yanzu akwai waɗanda ba su yafe masa ba. Abin da ya bari shi ne misalin mutumin da ya ga ra'ayinsa ya jawo jini, ya fito bainar jama'a ya sauya shi, alhali ya san abin da zai rasa. Ya kuma bar mana ɗa da ransa da hannunsa ba jini.

Sagir ya koma gida, yana da kantin magani a babban birnin jiha. Kwanan baya samarin garinmu suka same shi a kan ya taimaka a sayo makamai. Ya ce ba zai taimaka ba. Maimakon haka ya rufe kanti, ya ɗauki dagaci da gwaggona a motarsa, suka je ƙofar majalisa suka zauna har sai da wakilinmu ya fito ya saurare su a kan a kawo jami'an tsaro garin. An yi musu alkawari, ban san ko za a cika ba. Da ya kira ni yana ba ni labari, na tambaye shi ko ya ji tsoro. Ya ce, "Yaya, na ji. Amma gwaggo ce ta fara magana, kuma da ta tashi gabatar da ni, cewa ta yi, wannan ɗan Isiyaku ne."

Allah Ya jiƙan Baba, Ya jiƙan Baffa Buba da duk waɗanda aka kashe ba su san laifinsu ba, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙauyukanmu.